Zariya, Alƙahira ko Landan: ina mai son nazarin shari'a, mafaka da haƙƙin tsiraru zai dosa?

Wata ɗalibata da ta gama digirin lauya, ta yi makarantar horas da lauyoyi, ta kuma sauke nauyin bautar ƙasa, ta same ni a ofis gab da la'asar da takardu uku a hannu. Ɗaya ta shiga digiri na biyu ce a nan gida, ɗaya daga Malesiya, ta ukun kuwa wasiƙar wata jami'a ce a Ingila wadda ta ba ta gurbi amma ta yi gum a kan maganar kuɗi. Bayan mun gaisa ta ce, "Malam, ni koyarwa nake son yi, kuma a kan 'yan gudun hijira da shari'ar Musulunci nake son in rubuta. Wacce zan ɗauka?"

Na ce ta ajiye takardun tukuna. Na ɗauko Risala, littafin fikihun Malikiyya, daga kantar littattafai, na buɗe babin jihadi, na nuna mata inda Ibn Abi Zaid yake cewa amanar da mafi ƙanƙantar Musulmi ya bayar, wato alkawarin kariya ga wanda ba Musulmi ba, tana hawa kan sauran, haka ta mace, haka ta yaro idan ya san ma'anar amana. Na ce ta karanta ta fassara. Ta ja layin farko da ƙyar, tana sa wasali inda ba shi, a na biyu ta tsaya tana murmushin kunya. Na rufe littafin na tambaye ta abin da sashe na 33 na yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ya ce. Nan take ta zubo shi kamar hadda: ba a mayar da mai neman mafaka inda rayuwarsa ko 'yancinsa ke cikin haɗari, har togaciyar da ke sakin layi na biyu ba ta manta ba. Na ce, "To 'yata, kin amsa rabin tambayarki. Saura mu leƙa aljihu."

Fannin nan da ƙafa biyu yake tafiya, kuma da wuya ka ga matashin da ya fito digirin farko da duka biyun lafiya lau. Ƙafa ɗaya fikihu ce da Larabcinta: hukuncin amana, na zimma (zaman wanda ba Musulmi ba ƙarƙashin kariyar daular Musulunci), na hijira, da abin da malamai suka gina a kan aya ta 6 ta Suratut Tauba, inda aka ce idan mushriki ya nemi mafaka a ba shi, sannan a isar da shi wurin amincinsa. Ɗayar kuwa dokar ƙasa da ƙasa ce: yarjejeniyar 1951 da ƙarin da aka yi mata a 1967, ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 wadda ta faɗaɗa ma'anar ɗan gudun hijira har ta haɗa da wanda mamaya ko tarzoma ta kora, ta Kampala ta 2009 kan waɗanda aka raba da muhallinsu ba su tsallaka iyaka ba, da sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1992 kan tsiraru. Su kuwa jami'o'i, kusan kowace a ƙafa guda ta fi ƙarfi. Shi ya sa kafin a yi maganar sunan makaranta, sai mutum ya fara gano ƙafar da yake ɗingishi da ita.

Daga nesa abin kamar an gama shi. Kowa ya san hijirar Habasha da karɓar da Najashi ya yi wa sahabbai, kowa ya san Manzon Allah (SAW) ya shiga Makka bayan Ɗa'ifa ƙarƙashin kariyar Muɗ'im bin Adiyy, kuma ranar buɗe Makka ya zartar da mafakar da Ummu Hani ta bayar. Amma naman binciken yana wurin da hanyoyin biyu suka rabu. A fikihu mutum ɗaya tilo yana iya ba da amana, a dokar yau kuwa hukuma ce kaɗai. A fikihu mai neman amana wanda ba Musulmi ba ne da ya shigo ƙasar Musulunci, kuma da wa'adi: Hanafawa suka ce shekara, Shafi'awa suka ce wata huɗu. Musulmin da ya taso daga wata ƙasar Musulmi ba baƙo ba ne ma balle a yi masa wa'adi. To yau fa? Babarbaren Damasak ya haye kogin Yobe ya sauka Diffa, harshe ɗaya, mazhaba ɗaya, wataƙila ma dangi ɗaya, amma sai an yi masa rajista an ba shi kati. Sannan ƙasashen Musulmi da suka ɗauki nauyin miliyoyin 'yan gudun hijira, irin su Jodan, Lebanon, Pakistan da Bangaladash, ba su sa hannu a yarjejeniyar 1951 ba, haka Saudiyya da Malesiya. Wace doka ke kare mutanen da ke can? Mai ƙafa ɗaya ba zai iya hawa wannan tudun ba.

Mu fara da gida, tunda shi aka fi rainawa. Karantar da shari'a a aji da jarrabawa ba baƙon abu ba ne a Arewa: tun 1934 aka buɗe makarantar horas da alƙalai a Kano, da malaman da aka ɗauko daga Sudan, ita ce daga baya ta koma Makarantar Nazarin Larabci. Yau Jami'ar Ahmadu Bello tana da cibiyar nazarin shari'ar Musulunci a Kongo, Zariya, sannan Bayero, Usmanu Danfodiyo, Maiduguri da Ilorin duk suna ba da digirin da ya gama dokar Turawa da shari'a. Abin da gida ke da shi wanda ba a saye da fam ko dala shi ne kayan aiki. Tun da Zamfara ta buɗe ƙofa a 1999, jihohi 12 suka faɗaɗa aiki da shari'a, kuma rajistocin kotunansu na nan jibge, ƙura ce kawai ke karanta su. Akwai ma'adanar tarihi ta ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, akwai ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Kuma tarihinmu kansa tarihin hijira ne: Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu a 1804, har ya yi littafi sukutum kan wajabcin hijira a 1806; Sarkin Musulmi Attahiru da jama'arsa a 1903 har zuwa Burmi, da waɗanda suka tsira suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu a Sudan; ga Maguzawa da jiziyarsu, ga garuruwan amana da suka zauna a ƙarƙashin sarakunan daular ba su musulunta ba. Uwa-uba ga zaure. Mai ɗingishin Larabci yana iya zama gaban malam bayan asuba ya ja littattafan Malikawa irin su Risala da Askari da Mukhtasar ba tare da ya sayi tikitin jirgi ba.

Bari in ba da misali ɗaya na abin da ba a samu a laburaren waje. Kafin gwamnatin Borno ta fara rufe sansanonin cikin Maiduguri a 2021, na taɓa wuni a wata kotu a garin ina jiran magatakarda ya nemo mini wani tsohon fayil. Wata mata ta shigo da yarinya riƙe da gefen mayafinta. Mijinta ya fita ranar da aka far wa garinsu, shekara biyar ke nan ba gawa ba labari. Ba gado ta zo nema ba, don ba abin da za a gada. So take a gaya mata ita matar aure ce ko mai takaba. Alƙalin, wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare, ya jawo littafi ya jinjina kai. Da aka tashi ya ce da ni, "Malam, ka ga wahalar? Malikawa sun kasa wanda ya ɓata kashi-kashi. Wanda ya ɓata a ƙasar Musulunci lokacin zaman lafiya, a bincika, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi idda wata huɗu da kwana goma, in ya bar mata abin ci. In bai bari ba, a raba auren saboda rashin ciyarwa. Wanda ya ɓata a faɗa tsakanin Musulmi hukuncinsa daban, wanda aka kama fursuna a hannun abokan gaba nasa daban. To wannan, ban sani ba daji aka shiga da shi, ko yana tsare a bariki, ko ya haye Kamaru. A wane kashi zan sa shi?" Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta yi rajistar sama da mutum 20,000 da suka ɓata a Najeriya, galibinsu a Arewa maso Gabas. Tambayar dattijon nan kaɗai ta isa digirin digirgir, kuma amsarta tana tsakanin Mukhtasar da yarjejeniyar Kampala.

Amma gida yana da ƙaya, jiki magayi. Yajin aikin ASUU ya ci kusan wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022, digirin shekara uku ya koma na shida. Mai duba aikinka yana da ɗalibai fiye da ƙima, ga darasi ga taro ga neman na cefane. Ni kaina babi na uku na kundina ya yi wata biyar a bayan motar wani malami, da ya fito har da tabon man ja. Mujallun da ake buga sabon bincike a ciki sai da kuɗin rajista, jami'a ba ta biya ba. Dokar ƙasa da ƙasa kuma sau da yawa daga littafin aji ake koyar da ita, ba daga hukunce-hukuncen da ake yankewa yanzu ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ƙarin girma ke bin yawan maƙalu, har matashi ya koyi biyan kuɗi a buga masa abin da ba wanda zai karanta.

Sai gabas, wato ƙasashen Larabawa, kuma kuskure ne a zuba su a kwando ɗaya. Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, ita ce mafi sauƙi ga aljihu, tunda akwai masauki da alawus da tikiti, kuma ɗalibin tsangayar shari'a yana fitowa da Larabci tsaf da sanin saɓanin mazhabobi, don da Bidayatul Mujtahid na Ibn Rushd ake karantar da fikihu. Sai dai shekaru da dama maza kaɗai take ɗauka, kuma dokar 'yan gudun hijira ta zamani ba kasuwarta ba ce a can. Azhar ta fi kusa da abin da muke nema, saboda tsangayarta ta shari'a da doka tana gama fikihu da dokar Masar mai tushen Faransa, ga Malikawa da malamansu. Alƙahira kanta cike take da 'yan gudun hijirar Sudan da Siriya da Eritiriya, kuma a garin ne Farfesa Ahmad Abul Wafa ya yi nazarin nan na haƙƙin mafaka tsakanin shari'a da dokar duniya wanda UNHCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar a 2009. Farashin Azhar lokaci ne: akwai shekarun share fage kafin a yarda ka yi rajistar kundi, ga bin ofis-ofis da takarda. Kuma yawo da na'urar ɗaukar murya kana yi wa mutane tambayoyi a Masar ba abin wasa ba ne, a sa wannan a lissafi. Khartum da can ita ce matsakaiciyar hanya ga 'yan Arewa, ga araha ga Malikanci, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya toshe ta.

Abu biyu nake gargaɗin mai zuwa gabas a kai. Na farko, digirin shari'a zalla ba ya kai mutum makarantar horas da lauyoyi ta Najeriya, don haka wanda bai yi digirin lauya ba zai iya tsintar kansa a sashen nazarin addinin Musulunci alhali tsangayar shari'a yake hari. Ba aibi ba ne, amma a sani tun kafin a ɗaura ɗamara. Na biyu, akwai wani salon kundi da ya yi yawa: babi ɗaya a jero ayoyi da hadisai, babi ɗaya a jero sassan yarjejeniya, a rufe da cewa Musulunci ya riga su da ƙarni goma sha huɗu. Gaskiya ne ya riga su, amma wannan huɗuba ce. Matar nan ta Maiduguri ba ta ƙaru da komai ba.

Malesiya kuma dabam take. Jami'ar Musulunci ta ƙasa da ƙasa da ke can, wadda aka buɗe a 1983, ta yaye malaman shari'a na Najeriya da yawa, galibi da kuɗin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, kuma ƙarfinta ya fi bayyana a harkar banki da kuɗin Musulunci. Ga mai nazarin tsiraru akwai riba ta musamman, domin ƙasar tana da kotuna iri biyu kamar tamu, da gardama irin tamu kan wace kotu ke da hurumi idan Musulmi da wanda ba Musulmi ba suka haɗu a shari'a ɗaya. Hukuncin da babbar kotunsu ta yanke a 2018 kan musuluntar da yara ba da yardar mahaifiyarsu ba abin karantawa ne ga duk lauyan Kaduna ko Jos. Ga kuma 'yan Rohingya da ke zaune a ƙasar ba takardar doka. Amma yawancin karatun doka da Turanci ake yi, saboda haka wanda ya tafi da gurguwar Larabci da ita zai dawo. Ga shi TETFund ta dakatar da tura malamai waje daga farkon 2025, bayan faɗuwar naira ta sa kuɗin ya ninka.

Turai da Amurka su ne mafarkin kowa, kuma ba banza ba. A Oxford akwai cibiyar nazarin 'yan gudun hijira da Barbara Harrell-Bond ta kafa a 1982, da digiri na biyu na wata tara. A Landan akwai jami'ar SOAS da cibiyarta ta shari'ar Musulunci. Akwai Leiden a Holan, akwai Bayreuth a Jamus inda suka daɗe suna nazarin Afirka, kuma jami'o'in gwamnati a Jamus galibi ba su karɓar kuɗin makaranta. Abin da ake koya a waɗannan wurare shi ne sana'ar bincike kanta: yadda ake ƙera tambaya, yadda ake hira da wanda ya ga tashin hankali ba tare da an fama masa ciwo ba, yadda ake karɓar suka a gyara rubutu sau biyar. Amma a dubi waɗanda suka yi suna ta wannan hanya. Farfesa Mashood Baderin a Sakkwato ya yi digirin farko kafin ya tafi Nottingham, ya zama farfesa a SOAS, Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa shi mai sa ido kan haƙƙin ɗan Adam a Sudan daga 2012 zuwa 2014. Abdullahi An-Na'im daga Khartum ya fara kafin Cambridge da Edinburgh, kuma ko malaman da ke adawa da ra'ayinsa, ga su nan da yawa, ba su ce bai iya karanta matani ba. Farfesa Auwalu Yadudu ya je Harvard ya dawo Bayero. Dukansu da guzurinsu suka tafi. Can ba a koya maka Mukhtasar, ɗauka ake yi ka zo da shi.

Kuɗin kuwa ba na ɗan malamin makaranta ba ne. Digiri na biyu na shekara ɗaya a manyan jami'o'in Ingila ya haura fam 20,000 ga baƙo, ban da haya da abinci. In ba tallafi irin na Commonwealth ko Chevening ko DAAD na Jamus ba, kada a sayar da gonar gado. Chevening tana son shekara biyu ta aiki kafin a nema, da alkawarin dawowa gida na shekara biyu. Tun Janairun 2024 kuma Birtaniya ta hana mai digiri na biyu na aji tafiya da iyali, sai mai digirin bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa, wannan babban abu ne ga matar aure da mai 'ya'ya. Akwai wata matsala da ba a rubuta ta a takardar gurbi ba: masu ba da kuɗin bincike suna da tambayoyin da suka fi so. Tun shari'ar Safiya Hussaini da ta Amina Lawal, da an ce shari'a a Najeriya sai tunani ya tafi kan jifa da yanke hannu, alhali abin da ya cika kotunanmu aure ne da gado da filaye da bashi. Ɗalibi marar ƙwari sai ya wayi gari yana amsa tambayar wasu. Idan ya dawo kuma a tarbe shi da "an wanke masa kai". Wanda ke son horon irin na Turai da ɗan sauƙi ya dubi Pretoria a Afirka ta Kudu, inda suke da digiri na biyu kan haƙƙin ɗan Adam a Afirka tun 2000, ko Makerere a Yuganda mai tsohon shirin ba 'yan gudun hijira taimakon lauya.

A nan ne nake raba mafaka da haƙƙin tsiraru, don ba wuri ɗaya suka fi yin kyau ba. Nazarin mafaka yana son kusanci: Minawao a Kamaru, Sayam Forage a Diffa, ƙauyukan Maraɗi da suka karɓi mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019, 'yan Kamaru masu Turanci da ke Ogoja. Nazarin tsiraru kuwa yana son ɗan nisa, aƙalla lokacin rubutu. Maganar tsohuwa ce a Najeriya, tun hukumar Willink mai binciken koken tsiraru ta 1957 zuwa 1958, wadda shawararta ta sa aka saka babin haƙƙoƙi a tsarin mulkin 1960. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba da 'yancin addini, na 42 ya hana wariya, amma takardar shaidar ɗan asali ita ke raba gurbi da aiki. Kowa tsiraru ne a wani wuri: Bahaushen Jos da na Zangon Kataf, Kiristan Kano ko Gusau mai neman filin coci, ɗalibar Legas da sai da Kotun Ƙoli ta tabbatar mata da hijabinta a 2022, 'yan Shi'ar Zariya bayan Disambar 2015. Ga Hausawan zango a Gana da dokar korar baƙi ta 1969 ta tarwatsa da yawansu, ga jikokin masu hijira a Shuɗin Nilu da rikicin 2022 ya nuna har yanzu ana yi musu kallon baƙi. Ta fuskar fikihu ma gardamar a raye take: zimma ce har yanzu ko zama ɗan ƙasa? Sanarwar Marakish ta 2016, ƙarƙashin jagorancin Shaihu Abdullahi bin Bayya, a kan Sahifar Madina, yarjejeniyar zaman tare da Manzon Allah (SAW) ya ƙulla da mutanen garin, ta kafa hujjarta, takardar da Shaihul Azhar da Fafaroma suka sa wa hannu a Abu Dabi a 2019 kuwa har kalmar "tsiraru" ta nemi a daina amfani da ita don ware mutane. Mai rubuta gaskiya a kan wannan yana zaune a gida zai sha matsi daga kowane ɓangare, nasa su ce ya ci amana, waɗancan su ce ɗan leƙen asiri ne. Shawarata, a tara bayanai a gida, a nemi ko da wata shida ne a wata cibiya a waje a rubuta da sanyin kai.

Ga 'yan'uwanmu na Nijar lissafin ya ɗan bambanta. Ƙafar doka da Faransanci take, ƙarin girma kuma ta hannun CAMES yake bi, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu Faransanci, don haka mai digirin Larabci daga Jami'ar Musulunci ta Say ko daga Azhar sai ya yi da gaske kafin tsangayar shari'a ta Abdou Moumouni ta buɗe masa ƙofa. Amma filin bincike a wurinsu ya fi na kowa faɗi. Nijar ce ƙasar Afirka ta farko da ta mayar da yarjejeniyar Kampala dokar cikin gida don kare waɗanda aka raba da muhallinsu, a 2018. Ita ce ta yi dokar 2015 da ta taƙaita safarar matafiya ta Agadas, aka soke ta a Nuwamban 2023. Kotunanta kuma a sha'anin aure da gado da al'ada suke hukunci, al'adar da galibinta Malikanci ne da aka sauya wa suna. Mai Faransanci da Larabci da Hausa a hannu ɗaya, ba shi da abokan takara da yawa.

Bayan digiri fa? Takardar gabas tana ba mutum kunnen malamai da alƙalai, kuma tana kai shi kujerar Kadi, tunda sashe na 276 na tsarin mulkin Najeriya ya yarda da mai shaidar ilimin shari'a na shekara goma ko da ba lauya ba ne. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya ma tsarin mulki ya ce aƙalla alƙalanta uku su zama masana shari'ar Musulunci, sai dai can sai lauya. Takardar Turai tana buɗe ƙofar mujallun duniya, kuɗin bincike, da aiki da UNHCR ko hukumar 'yan gudun hijira ta ƙasa da aka kafa a 1989. Takardar gida ba ta da ƙyalli, amma mai ita albashinsa bai yanke ba, layinsa na ƙarin girma bai tsaya ba, kuma 'ya'yansa sun san fuskarsa. Wanda ya tashi a zaure ko ya fito Madina da Azhar, ni kam ba na ba shi shawarar ya koma can digiri na biyu, ƙari ne a kan abin da yake da shi. Ya gyara Turancinsa ko Faransancinsa ya nemi Pretoria ko Ingila ko Jamus. Wanda boko ya rena, kamar ɗalibar nan tawa, Landan za ta ƙara masa tsawon ƙafar da dama ta fi tsawo. A digirin digirgir kuwa sunan mai duba aiki ya fi sunan jami'a nauyi: a karanta abin da ya rubuta, a tambayi tsofaffin ɗalibansa wata nawa babi ke yi a hannunsa.

Ita dai ta rubuta wa jami'ar Ingila ta nemi a ɗage mata gurbin, ta bar ta Malesiya, ta yi rajista a gida. Da safe kafin ta fita tana ɗaukar karatu wurin wata malama a unguwarsu. Kwanan baya ta leƙo ofis, ta ɗauko Risalar da kanta, ta buɗe babin nan ta karanta layin tiryan-tiryan. Sai ta ɗora yatsa a ƙarshensa ta ce, "Malam, ranar nan ba ka kai nan ba. Ya ce an kuma ce sai in shugaba ya zartar sannan amanar ta inganta. Ba ta wannan ƙofar hukuma za ta shigo ta karɓe ikon ba da mafaka ba?" Na ce ta je ta buɗe sharhi ta gano wa ya faɗi haka, kuma a kan amanar wa yake magana, ta dawo mini ranar Laraba.